Na Yabi Malamina da Turanci, Ya Ɗauka Sonsa Nake: Yaya Zan Gyara?

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, ina karatun digiri na biyu a wata jami'a a Ingila. Malamin da ke duba aikin bincikena Bature ne, dattijo, kuma ya yi ɗawainiya da ni ƙwarai. Da ya gama gyara mini babi na uku sai na tura masa imel na godiya, na ce: "Esteemed Sir, I am your greatest admirer. I adore you and I worship your wisdom. I am very impressed with you." Tun daga ranar ya canza mini. Amsarsa ta koma layi ɗaya, duk saƙon da zai turo sai ya saka wata malama a ciki, in mun zauna kuma ƙofar ofis a buɗe take. Na nuna wa wata ƙawata da ta daɗe a ƙasar, ta ce ai wasiƙar soyayya na rubuta. Wallahi girmamawa nake nufi, irin wadda zan yi wa malami a gida. Kunya ta hana ni sakat. Mene ne laifin kalmomin nan, yaya zan gyara, kuma in gaya wa maigidana?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, abin yana gyaruwa, kuma gajeren saƙo ɗaya ya isa. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba: biyu daga cikin gaɓoɓi huɗu na saƙonki, a kunnen Baturen Ingila na yau, maganar masoya ce. Sauran biyun kuma kowace da irin tata matsalar. Abin da malaminki yake yi ba fushi ba ne. Jami'o'in Ingila suna da ƙa'idoji a rubuce kan alaƙar malami da ɗalibi, kuma malamin da ya ga saƙo mai kama da na soyayya an koya masa ya rage magana, ya sa shaida, ya bar ƙofa a buɗe. Kare kansa yake yi, kuma a lokaci guda yana kare ki.

Tun kafin mu shiga Turancin, akwai ma'aunin da kike da shi a Hausarki. Kin san nisan da ke tsakanin "ina sha'awar aikinka" da "ina sha'awarka". Kalma ɗaya ce, amma ta farko ta sauka a kan aiki, ta biyu ta sauka a kan mutum. Haka abin yake a Turanci, har ya fi tsanani. A saƙonki "you" da "your" sun zo sau huɗu, kuma babu inda kika ambaci babin da ya gyara ko shawarar da ya ba ki. Yabon duk ya tafi kan shi kansa.

Mu fara da "admire", don ita ce uwar gidan. Daga Latin ta fito, "admirari", wato ɗafa-goshin "ad" da aikatau "mirari", kallon abu cikin mamaki. Tushen nan shi ya haifi "miracle", mu'ujiza, da "mirror", madubi, da "mirage", kawalwalniya. A farkon shigarta Turanci mamaki kawai take nufi, ko na abin kirki ko na mugun abu. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611, a Ru'ya ta Yohanna 17:6, mai ba da labari ya ga wani abin ƙyama ya ce "I wondered with great admiration", kuma ba yabo yake yi ba, al'ajabi ne ya kama shi. Daga baya ne ma'anar ta tsaya a kan mamakin da ke tare da yarda da yabawa, abin da za mu ce burgewa.

Aikatau ɗin ba shi da aibi. "I admire your patience" ko "I admire the way you explain statistics" magana ce mai tsabta da za ki iya faɗa wa kowa, namiji ko mace, babba ko yaro. Sunan da aka ƙera daga gare shi ne ya karkace. Tun farkon ƙarni na 18 "admirer" ta samu ma'ana ta biyu, mai neman mace, mai zuwa zance. Har yau in aka ce mace tana da "admirers" da yawa, samari ake nufi, kuma "secret admirer" shi ne mai aiko da furanni ko kati ba tare da ya sa sunansa ba. In kika ce "an admirer of your work", aikin ya tsare ma'anar. In kika ce "your admirer" tsura, kin buɗe ƙofar ɗaya ma'anar, kuma "greatest" ta ƙara mata nauyi.

A gefe guda, kada "admiral", babban hafsan sojan ruwa, ta ruɗe ki. Ba 'yar gidan nan ba ce. Daga Larabci take, "amir", kalmar da muke ji a Amirul Hajji. Harafin d ya shige ta ne don marubutan Turai sun riƙa kwatanta ta da kalmomin Latin masu farawa da "admir".

Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne "adore". Asalinta "adorare", daga "orare", yin magana a gaban babba, roƙo, addu'a. Danginta su ne "orator", gwanin jawabi, da "oracle". Ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci wajen shekarar 1300 da ma'anar yi wa Ubangiji sujada, kuma a coci har yanzu ana amfani da ita haka. Mawaƙan soyayya ne suka ɗauke ta suka kai wa masoyiya, suna kamanta ta da abin bauta. Yau ta rabu gida biyu. In abu ne, ta yi sauƙi ƙwarai: Baturiya za ta ce "I adore this dress", ba komai take nufi ba illa rigar ta yi mata. Haka in ana maganar jariri ko kaka. Amma baligi ya dubi baligin da ba danginsa ba ya ce "I adore you", wannan ya kai "I love you" ko ya wuce ta. Babu wani Baturen Ingila da zai karanta jimlar daga ɗalibarsa ya ji ta a matsayin godiya.

"Worship" kuma tsohuwar Turanci ce tun kafin kalmomin Faransanci su shigo harshen: "weorthscipe", daga "worth", daraja, da ɗafa-ƙeyar "ship" da ke cikin "friendship". Ma'anarta ta farko ba ta wuce kasancewa mai daraja ba. Saurar wannan ma'ana ce kike ji a kotunan majistare na Najeriya in lauya ya ce wa alƙali "Your Worship", haka kuma ake kiran magajin gari a wasu wurare a Ingila. Lauyan ba bauta wa alƙali yake ba, mai daraja yake ce masa. A littafin addu'o'in Cocin Ingila na 1549 ango yana ce wa amarya "with my body I thee worship", wato zan darajanta ki. Amma in an cire waɗannan tsofaffin wurare, kalmar a yau ibada ce, ko kuma son da ya rufe ido. Niyyarki ba bauta ba ce, wannan a fili yake. Duk da haka kalma ce da ya kamata ki cire ta daga bakinki gaba ɗaya in ɗan Adam kike magana a kai.

Ki lura da abin da ya haɗa waɗannan biyun, domin shi ne zai yi miki jagora a kan kalmomin da ba mu ambata ba. Kalmomin yabo na Turanci da suka fito daga wurin ibada, in aka juya su kan mutum mai rai, yawanci suna komawa soyayya ko wuce gona da iri. "Idolize" daga Girkanci "eidolon" take, siffa ko gunki, kuma ana faɗinta a kan yaron da ke ganin ɗan ƙwallo ba ya kuskure. "Venerate" dangin sunan Venus ce, gunkiyar soyayya ta Romawa, kuma yau waliyyai da kayan tarihi ake yi wa ita. "Revere" daga "vereri" take, jin tsoro da kwarjini, ita ta ba da "Reverend" na limaman coci. Tana da kyau a rubutu in kina maganar wani babban malami da ya rasu ko wanda al'umma ke ganin girmansa, amma ba a cewa mutum "I revere you" a fuskarsa. Ko "fan" ma, wadda ta yaɗu a Amurka a shekarun 1880 wajen masu kallon wasan besbol, mafi yawan masana suna ganin gajarta "fanatic" ce, daga "fanum", ɗakin bauta. Ita dai ta yi laushi har ta zama ta hira: "I'm a big fan of your book" ba laifi a baki, sai dai ba ta dace da wasiƙar neman gurbin karatu ba.

Akwai wani gidan da ya fi wannan haɗari, kalmomin da asalinsu wauta ne ko sihiri. "Fond" a Turancin da tana nufin wawa, "infatuated" daga "fatuus" take, shi ma wawa, "dote" kuma ruɗewar tsufa. "Fascinate" asalinta yi wa mutum sammu, "charm" daga "carmen", waƙa ko surkullen tsafi, "enchant" ma haka. Dukansu in sun sauka a kan abu lafiya lau ne: "a fascinating lecture" yabo ne mai kyau ga lacca. In sun sauka a kan mutum, "you fascinate me" ko "I am fond of you", an shiga zance. Wadda ta fi kama baƙi a Ingila ita ce "fancy". Gajarta "fantasy" ce. "Do you fancy some tea?" tayin shayi ne kawai, amma "I fancy you" ma'anarta ina sonki, so na sha'awa. Ki kiyaye ta ko da wasa.

Kalmomin da za ki dogara da su sun fito ne daga wurare biyu marasa zafi: kallo da ciniki. "Respect" daga "respicere" take, waiwayawa a sake duban abu. "Regard" daga Faransanci "regarder", dubawa, ita ce ke cikin "Kind regards" da ake rufe imel da ita, da "I hold her in high regard", ina ganin girmanta. "Appreciate" daga "pretium" take, farashi, tushen da ya ba da "price" da "precious" da "praise" kanta. Yabo a Turanci asalinsa sa wa abu kuɗi ne. "Value" ma maganar ƙima ce, ko da yake tushenta daban. Waɗannan ba sa zamewa zuwa soyayya, shi ya sa suka zama kalmomin ofis da makaranta. Ga ɗaliba mai son ta ce malami abin koyinta ne, akwai "look up to", Turanci mai sauƙi, ɗaga kai a dubi na sama, da "inspire", daga "inspirare", hura numfashi a cikin abu: "Your work inspired me to study this topic."

Su ma suna da wuraren tuntuɓe. "Appreciate" tana bukatar karɓau. A Najeriya an saba cewa "I appreciate" a tsaya, amma a Ingila jimlar ba ta cika ba, sai an ce "I appreciate your help" ko "I appreciate it". "Respectful" mai ladabi ne, "respectable" mai mutunci a idon jama'a, wani lokaci ma matsakaici, don "a respectable score" maki ne da ba ya ba da kunya amma bai kai abin yabo ba. "Respective" da "respectively" ba ruwansu da girmamawa, jera abubuwa bi da bi suke yi. "With all due respect" kuwa sharar fage ce ta musu. Duk wanda ya ji ta ya san suka ce ke biye, don haka kada ki buɗe godiya da ita. Ƙananan kalmomin da ke biye da su ma a riƙe su daidai: "admire someone for", "respect for", "grateful to" mutum "for" abin da ya yi, "in awe of".

Tunda "awe" ta shigo: daga harshen mutanen Sikandinebiya take, waɗanda ake kira Vikings, da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9. "Agi" a wurinsu firgici ne. Kusan kwarjini ke nan a Hausa. 'Ya'yanta biyu sun rabu hanya: "awful", wadda a da take nufin mai cika zuciya da kwarjini, yau mummuna ƙwarai take nufi, "awesome" kuma ta zama kalmar hirar matasa, musamman a Amurka. Kada ki rubuta wa malami ko ɗaya.

Saura gaɓoɓi biyu na saƙonki. "Esteemed" asalinta lafiyayye ne, "aestimare", ƙiyasta ƙimar abu, tushe ɗaya da "estimate". Matsalarta tsufa da kuma waɗanda suka ɓata ta. Malaman jami'a a Ingila suna samun imel barkatai daga mujallun bogi da tarukan damfara, kuma da yawansu da "Esteemed Professor" suke farawa. Kalmar ta zama alamar fadanci. Haka "Respected Sir", wadda ta zama ruwan dare a Indiya amma baƙuwa ce a Ingila. "Sir" ita kanta a makarantar sakandare ake jin ta can. A jami'a "Dear Dr" ko "Dear Professor" ake cewa, a biyo da sunansa na ƙarshe, in kuma shi ya ce ki kira shi da sunan farko, ki kira, ba rashin kunya ba ne a wurinsu.

"I am very impressed with you" ba ta soyayya ba ce, laifinta na matsayi ne. "Impress" daga "imprimere" take, danna hatimi. Mai cewa "I am impressed" ya ɗora kansa a kujerar mai auna aikin wani, shi ya sa daga sama take saukowa: malami ga ɗalibi, shugaba ga ma'aikaci. In ta tashi daga ƙasa zuwa sama sai ta yi kama da ɗalibi ya ce wa malaminsa ka yi ƙoƙari. "I commend you", "well done" da "I am proud of you" duk wannan hanyar suke bi. "Well done" ta fi kama mu, domin a Najeriya ana amfani da ita a madadin sannu da aiki, a Ingila kuwa hukunci ne cewa aikin ya yi kyau.

Wani abu kuma da ba a ƙamus yake ba shi ne yawa. A wurinmu jera yabo ladabi ne, wanda ya taƙaita godiya ga malami sai a ga kamar bai ji daɗin alherin ba. Baturen Ingila akasin haka yake auna magana. Yabo mafi nauyi a wurinsa shi ne wanda ya ambaci takamaiman abu a taƙaice. "Your comments on my methods section were really helpful" ta fi masa daɗi a kan layi goma na kirari, don ta nuna kin karanta gyaran kuma ya yi miki amfani. Ki riƙe wannan awo: kalmar yabo ɗaya a saƙo ɗaya, a kan aiki ɗaya da za ki iya nunawa da yatsa.

Yanzu gyaran. Magana zarar bunu ce, ba za ki janye waccan ba, amma za ki iya fayyace ta. A rubuce za ki yi, ta imel ɗin makaranta, cikin lokacin aiki, ba ta WhatsApp ba kuma ba da dare ba. Kada ki tare shi a ofis don ki yi bayani baki da baki, wannan zai sa ku duka cikin kunya kuma ba zai bar shaida ba. Ki bar malamar da yake sakawa a cikin saƙon, kada ki cire ta, domin ita ma tana bukatar ta ga bayanin. Bayan "Dear Dr" da sunansa, ki rubuta kamar haka:

"Thank you for your comments on chapter three. A friend has pointed out that some of the words in my last email are much stronger in English than I realised. English is not my first language, and I meant only to thank you for your help and to say that I respect your work. I am sorry if the message caused any awkwardness. I will send the revised chapter on Friday."

Sai ki rufe da "Kind regards" da sunanki. Jimla biyar ce, kowace da aikinta. Ta farko ta mayar da magana kan karatu. Ta biyu ta nuna kin gane inda matsalar take ba tare da kin maimaita kalmomin ba, kuma kada ki maimaita su. Ta uku ta faɗi niyyarki da kalmar da ba ta da fuska biyu. Ta huɗu haƙuri ne sau ɗaya, kada ki ninka shi, don yawan ba da haƙuri yana mayar da ƙaramin abu babba. Ta biyar ta rufe zancen da aiki, sai dai ki sa ranar da kika tabbata za ki cika. Kada ki ƙara rantsuwa, kada ki ce ke matar aure ce, kada ki ce kin ɗauke shi kamar uba. Na ƙarshen nan a wurinmu shi ne iyakar tsarkake niyya, amma a wurinsa wata sabuwar kusanta ce da bai nema ba. Kyauta ma ki dakata da ita har sai kin gama karatun, in za ki bayar a lokacin kuma kati da gajeren saƙo ya wadatar.

Mai yiwuwa ya amsa da layi ɗaya, irin "No problem at all, thanks for clarifying". Wannan cikakkiyar amsa ce, kada ki nemi ƙari. In bai amsa ba, kada ki sake turawa, ki aika babin a ranar da kika faɗa. Zai iya ci gaba da barin ƙofa a buɗe da saka malamar a saƙonni har ƙarshen shekara, kuma hakan ba ya nufin bai yarda da ke ba. Malamai da yawa haka suke yi da kowane ɗalibi. Inda za ki ɗauki mataki shi ne in karatunki ya fara cutuwa: ya daina duba aikinki, ko ganawar da aka tsara ta daina yiwuwa har makonni uku ko huɗu. A nan sai ki je wurin mai kula da shirin digirin a sashenku da saƙonnin biyu a hannu, ki yi bayani kamar yadda kika yi mana. Ƙungiyar ɗalibai ta yawancin jami'o'in can tana da ofishin ba da shawara kyauta, za su iya raka ki.

Batun maigida, shawararmu ki gaya masa da kanki, kuma bayan kin tura saƙon gyaran, don ya ga matsalar da maganinta a zama ɗaya. Ƙawarki ta riga ta sani, kuma gara ya ji daga bakinki da ya tsinta a wani wuri an ƙara mata gishiri. Ki nuna masa saƙonnin biyu, ki fassara masa na farkon da abin da kika nufa a Hausa: malam, ina ganin girmanka, iliminka yana burge ni, na gode. Ke kika san halin mijinki. In mai saurin fushi ne, ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, in ya cancanta ki sa wani babba da yake jin maganarsa kuma ya san Turancin can ya tabbatar masa cewa kuskure ne da baƙi da yawa suke yi. Ita kuma ƙawar, ki roƙe ta maganar ta tsaya a tsakaninku.